Kuskuren da ya ɓuya shekara tara

A kasuwar Matamai, mai sayen gero ba ya zuwa da tiyarsa. Da tiyar mai awo kowa yake dogara. In ta lotse, duk wanda aka auna wa ya cutu, ko bai sani ba.

Masu rubuta wa kwamfuta umurni su ma suna da abin da suke tarayya a kai. Kowane harshen kwamfuta yana zuwa da rumbunsa. A cikin rumbun akwai ƙananan ayyuka da aka riga aka rubuta: jera sunaye, ƙidaya kwanaki, neman lamba. Mai aiki ba ya sake rubuta su, ɗauka kawai yake yi. To, in da kuskure a rumbun fa?

Akwai wani harshe, sunansa Java. Kamfanin Sun na ƙasar Amurka ya fito da shi a 1995. A rumbunsa akwai dabarar neman abu cikin jeri. Yara, kun san wannan dabara. In kuna neman kalma a ƙamus, kuna buɗe tsakiya. In kalmar tana gaba, ku bar rabin baya, ku buɗe tsakiyar abin da ya rage. Haka har ku same ta.

Yaya ake gane tsakiya? A haɗa shafin farko da na ƙarshe, a raba biyu. Tsakanin 100 da 300: an haɗa, 400, an raba, 200.

Yanzu ku ɗauki allunanku. Mu ce allon gurbi uku kaɗai gare shi. Ku nemi tsakiyar 600 da 800. Kun haɗa, kun sami 1400. Gurbi huɗu ke nan, allo bai ɗauka ba! Amsar ita ce 700, kuma tana shiga, amma hanyar zuwa gare ta ta toshe.

Abin da ya sami Java ke nan. Gurbin da yake ajiye irin wannan lamba yana tsayawa a 2 147 483 647. In jimla ta wuce nan, sai lambar ta juye ta koma ƙasa da sifiri, aiki ya tsaya. Sai jeri ya haura abu miliyan dubu kafin haka ta faru. A lokacin, da wuya a ga mai jeri irin wannan. Saboda haka kuskuren ya yi wajen shekara tara a ɓoye.

Ran nan aikin wani mutum ya lalace. Aka kai ƙara wurin kamfanin Sun, aka bincika, aka gano. A 2006 Joshua Bloch, wanda ya rubuta wannan sashe da hannunsa, ya fito ya gaya wa duniya cewa kuskurensa ne. Wannan ba ƙaramin hali ba ne. Gyaran kuwa ɗan kaɗan ne: a cire na farko daga na ƙarshe, a raba biyu, a ƙara a kan na farko. 800 a cire 600, saura 200; rabinsa 100; a ƙara a kan 600, an sami 700. Allo bai cika ba.

Mai kai ƙarar kuskure ba ya cewa «abin ya lalace» kawai, don mai gyara ba zai san inda zai duba ba. Yana faɗin abin da ya yi daki-daki, da amsar da yake jira, da amsar da ta fito. Mai gyara sai ya bi sawunsa, ya ga kuskuren da idonsa.

Tambayoyi
1. Mene ne rumbun harshen kwamfuta?
2. Don me kuskuren ya daɗe ba a gani ba?
3. Ku nemi tsakiyar 500 da 900 ta hanya ta biyu.
4. Kun ga lissafin da ba daidai ba a littafinku. Ku rubuta wa malam: wane shafi, wane layi, me aka rubuta, me ya kamata a rubuta.