Watanni Ukun Ƙarshe: Shawarwari Ga Gidan Mai Ciki a Gadarif

Daga mako na 28 zuwa na 40 ake cewa ciki ya tsufa. A farkon wannan zango nauyin ɗan da ke ciki kamar kilo ɗaya ne, ranar haihuwa kuwa yakan kai kilo uku ko fiye. Duk wannan ƙaruwa daga jikin uwa ake ɗibarta, shi ya sa maigida da uwar miji da abokiyar zama kowa yana da nasa aikin.

1. A shirya hanya tun naƙuda ba ta zo ba. Wanda ya san Gadarif ya san baƙar ƙasarta: ita ke ba mu dawa da riɗi, ita ce kuma ke riƙe mota da damina, har wani ƙauyen sai tarakta ke iya shiga. In lissafin haihuwa ya faɗo tsakanin Yuli da Oktoba, kuma gida na nesa da kwalta, a kai mai ciki wurin dangi a cikin gari tun wata na takwas. Al'adarmu ta goyon ciki ta riga ta share wannan hanya, sai dai a duba wane gida ne ya fi kusa da asibiti, nan za ta zauna ko da ba cikin fari ba ne. Maigida ya ware kuɗin mota, ya riƙe lambar mai raksha biyu ko uku, ya kuma san wanda zai ba da jini cikin 'yan uwa. In zai tafi gona yankan riɗi, ya bar izini a fili cewa a fita da ita kowane lokaci. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 jama'a suka kwararo garin, asibitoci sun cika, don haka zuwa da wuri ya ƙara zama dole.

2. A gyara jini. A waɗannan watanni ne jariri ke tara sinadarin ƙarfe da zai yi amfani da shi bayan haihuwa, kuma uwa mai ƙarancin jini ba ta jure zubarsa. Kisra da asida suna cika ciki, amma a haɗa da wake, ful, ganye, ƙwai, nama da riɗi. Ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum. Shayi da jabana kuwa suna hana jiki tsotsar ƙarfen, sai a jinkirta su kamar awa ɗaya ko biyu bayan abinci.

3. Zazzaɓi ba a jiran sa ya sauka da kansa. Maleriya na cinye jinin uwa, tana rage nauyin jariri, tana iya jawo bakwaini. Gidan sauro kowane dare, gwajin jini ranar da jiki ya yi zafi. Mutanen ƙauyukan bakin kogin Atbara da Rahad su tuna da kala-azar: zazzaɓin da ya haura mako biyu da rama, a nemi gwajinta.

4. Uwa ta san motsin ɗanta. Yana da lokutan barci da na farkawa, yana jin muryarta ma. Masu cewa motsi kan ragu in haihuwa ta matso sun yi kuskure, kuma kuskure ne mai tsada. In ta ji ya yi sanyi fiye da yadda ta saba, ranar za ta je asibiti.

5. Ta riƙa kwanciya a gefe, ta bar rigingine, domin nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya. A ɗauke mata ɗibar ruwa da daka da aiki cikin rana. Tafiya kaɗan da yamma tana da amfani.

6. Kada a fasa awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa a ga ma'aikacin lafiya sau takwas, biyar daga ciki a makonni na 30, 34, 36, 38 da 40. Nan ake auna hawan jini, a duba ko kan jariri ya juyo ƙasa, abin da yakan faru wajen mako na 36. Wadda aka yi wa kaciya ta gaya wa ungozoma tun a wurin awo, don a san yadda za a karɓi haihuwar.

7. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, ko fashewar faya kafin lokaci: kowanne ɗaya ya isa a tashi ko tsakar dare ne. Iyayenmu mata, don Allah a ajiye jiƙon zaƙi da na saurin naƙuda. Huhun jariri na cikin gaɓoɓin da ke nuna a ƙarshe, kuma wanda aka fito da shi kafin mako na 37 yakan sha wahalar numfashi.