KARANTA TAKARDAR JIKIN MAGANI KAFIN KA YI FESHI

Kowane maganin ƙwari ko na ciyawa da hukuma ta yarda a sayar yakan zo da takarda manne a jikin kwalbarsa ko fakitinsa. Wannan takarda ita ke gaya wa manomi irin maganin da ya saya, da yawan da zai zuba, da haɗarin da ke ciki. Galibi da Turanci ake rubuta ta. Idan ba ka karanta Turanci, ka kai wa malamin gona ko wani ɗan makaranta ya karanta maka ita daga farko har ƙarshe, tun kafin ka buɗe murfin.

Tun a kasuwa

Ka duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, da ranar da maganin zai daina aiki. Kada ka sayi maganin da aka tsiyaya cikin kwalbar lemo ko aka ƙulla a leda, komai arharsa, domin ba ka san abin da ke ciki ba. Sa'an nan ban da sunan kamfani da aka rubuta da manyan baƙaƙe, akwai sunan ainihin gubar a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Shi ne abin lura. Sau da yawa manomi yakan ce ya canja magani, alhali guba ɗaya ce ya sake saye da wani suna.

Launin da ke gindin takardar

Ko wanda bai yi karatu ba zai gane wannan. Ja yana nufin guba mai tsanani ƙwarai, kuma za ka ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a giciye. Rawaya na biye masa, sai shuɗi, sai kore mai sauƙin haɗari. Amma fa kore ma guba ne, ba a barin sa inda yara za su kai hannu. Cikin launin akwai ƙananan hotuna na safar hannu, da takalmin roba, da abin rufe hanci da baki. Abin da aka zana, shi za ka sa.

Awo

Nan ne manoma da yawa ke kuskure. Wani ya ce, "Bari in ƙara murfi biyu don ya fi kama su." To, ƙarin nan yana ƙona ganye, yana kashe ƙudan zuma, ga asarar kuɗi. Wani kuma ya rage don kwalbar ta kai shi ƙarshen damina, sai ƙwarin su ƙi mutuwa, a hankali su saba da maganin.

Ga misali. A ce takarda ta ce lita 1 ga kadada ɗaya, injinka na goyo kuma yana cin lita 20. Ka cika shi da ruwa zalla, ka fesa da irin tafiyar da ka saba, ka ga iyakar inda zai kai. Idan ka lissafa cikawa 10 ke gama kadada, to mililita 100 za ka riƙa zubawa a kowace cikawa. Ka auna da murfin awo da ya zo da maganin. Kada ka ɗauko cokali ko kofin cikin gida, kada kuma ka dama da hannu.

Kwanakin jira kafin girbi

Takardar za ta faɗi kwana nawa za a bari tsakanin feshin ƙarshe da tsinkar amfanin gona. Masu tumatir da kuɓewa da alayyafo a fadama su ne ya fi kamata su kiyaye, tunda kusan kullum suna tsinka. Idan an ce kwana 7, kada ka tsinka a na 3 wai don kasuwa ta yi kyau. Wanki ba ya fid da maganin duka, kuma iyalinka ma daga nan za su ci.

Haka nan maganin gona ba na rumbu ba ne. Zuba maganin diklobos, wanda ke cikin Sniper, a buhun wake ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, saboda gubar da aka samu ta wuce ƙa'ida. Wake yana ajiyuwa lafiya cikin buhun PICS mai ruɓi uku ko jarka mai toshewa sosai, ba tare da ko ɗigon magani ba.

Ranar feshi da bayanta

Ka yi feshi da sassafe ko da yamma, iska na bayanka. Ba cin goro, ba shan taba. Idan bakin injin ya toshe, kada ka busa da baki. In ka gama ka yi wanka da sabulu, a wanke tufafin dabam. Kwalbar da ta ƙare, ka ɗauraye ta sau uku kana juye ruwan cikin injin, sa'an nan ka huda ta don kada wani ya zuba mai ko nono a ciki.

Idan mai feshi ya fara jiri, ko amai, ko yawan gumi da dalalar miyau, a fid da shi daga gonar, a tuɓe masa tufafi, a wanke jikinsa da ruwa mai yawa. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, domin daga takardar ne likita zai san irin gubar da kuma maganin da zai ba shi.