Amsoshin Tambayoyinku: Masaukan alfarma a tsibiran Maldibs

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: me ya sa kwana a otal-otal na bakin teku a Maldibs yake da tsada haka?

To Malam, Maldibs ƙasar Musulmi ce a Tekun Indiya, mai ƙananan tsibirai kusan 1,200, babban birninta Male. A 1972 aka buɗe masaukin farko na 'yan yawon buɗe ido, kuma galibi kowane otal tsibiri guda yake riƙewa shi kaɗai.

Nan tsadar take. Otal ɗin ne ke samar wa kansa lantarki, ya tace ruwan teku ya zama na sha, ya shigo da yawancin abinci daga ƙasashen waje. Baƙo kuma daga filin jirgi sai kwalekwale mai inji, ko ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa. Ɗakuna mafi tsada an kafa su kan ginshiƙai a cikin teku.

Daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin rani, farashi ya fi tashi. Mai ƙaramin ƙarfi zai samu gidajen baƙi masu sauƙi a tsibiran da jama'a ke zaune, irin su Maafushi, inda aka haramta giya.

Da fatan ka gamsu.