Marmari da Daɗi Cikin Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam

Cikin watan Agusta na shekara ta 2022 hukumomin Saudiyya suka kama ƙwayoyin Captagon wajen miliyan 47 a birnin Riyad, an ɓoye su cikin lodin garin fulawa. A ƙasar nan kuwa hukuncin mai fataucin irin wannan kaya ya kan kai ga kisa. Lalle mai sauraro ya tambaya, me ke cikin 'yar ƙwaya har ta sami masaya haka?

Amsar ta soma fitowa ne a 1954, sa'ad da James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill a Kanada suka dasa siririyar waya can cikin ƙwaƙwalwar ɓera, suka ba shi wani maɓalli wanda in ya taka sai 'yar wutar lantarki ta taɓa wurin. Ɓera ya yi ta takawa, sau ɗari bisa ɗari cikin sa'a guda. Daga baya aka ga waɗansu har abinci su kan ƙyale, ga su kuwa da yunwa.

Jijiyoyin wurin suna aika saƙo da wani sinadari, dofamin, wanda aka daɗe ana zaton shi ne daɗin kansa. Ashe ba haka ba ne. Kent Berridge na Jami'ar Mishigan a Amurka ya gwada ɓerayen da aka raba su da dofamin. In an ɗiga musu ruwan sukari a baki sai su lashe leɓe kamar kowane ɓera, amma ko abinci na gabansu ba su tasam masa. Watau dofamin marmari ya ke tayarwa. Daɗi kuwa daga waɗansu 'yan gurabu ƙanana ya ke fitowa, masu aiki da sinadarai dabam.

To, amfetamin da ke cikin Captagon tilasta wa jijiyoyi ya ke yi su tuttuɗo da dofamin fiye da abin da tuwo ko albishir za su jawo. Yau da gobe daɗin ya ragu, marmarin ya ƙaru, har mutum ya riƙa neman abin da ya daina yi masa daɗi. Ko ya shekara bai sha ba, ganin lungun da ya saba saye, ko muryar tsohon abokin shansa, ta isa ta tayar masa da marmarin nan.