Yadda Ake Koya wa Yara Bambance Bayani da Tambaya a Turanci

A firamaren Badume ko ta Danzabuwa, da zarar yaro ya fara haɗa Turanci za ka ji ya ce "You are coming?" yana ɗaga murya a ƙarshe, a ganinsa ya yi tambaya. Hausarsa ya bi. A wurinmu "Audu ya zo" da "Audu ya zo?" jerinsu ɗaya, murya ce ke rabewa, ko mu sa "shin" a gaba. Turanci kuwa sai an taɓa jerin kalmomin. Malamin da ya fara da rubuta ma'anar jimla a allo don yara su haddace, wahalar banza yake yi.

Da Hausa ake farawa, kuma da kunne. Malam ya riƙa faɗa: "Gero ya nuna." "An kai awaki kiwo?" Wanda ya ji amsa ake nema ya ɗaga hannu, in labari aka ba shi ya bar hannunsa a kan benci. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Sai a yanka kwalin taliya ko na sabulu, a rubuta kalma ɗaya a kowane yanki da manyan baƙaƙe yadda na bayan aji zai hango: Musa, is, eating. Yara uku su fito su jeru, aji ya karanta. Malam ya ce, "Mai riƙe da is, dawo gaba." Ya zagayo ya tsaya kafin Musa, aji ya sake karantawa. A maimaita da are da can, a fito da 'yan mata su ma. Abin da yaro ya ga abokinsa ya taka da ƙafa, da wuya ya manta.

Inda gizo ke saƙar shi ne jimla irin "Amina sells groundnuts", don babu kalmar da za ta dawo gaba. A nan ake kiran wani yaro daga benci, ya zo da does. Harafin s na sells a rubuta shi a ɗan kwali dabam tun farko, da does ya iso, mai s ya koma ya zauna, saura "Does Amina sell groundnuts?" Haka did ke mayar da went ya koma go. Kada a yi gaggawa a nan, ko mako zai ci a bar shi ya ci, don "Did Sani went?" da ake ji a bakin 'yan sakandare daga wannan gaɓar aka baro shi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici masu fita koyon koyarwa, a nan ya kamata su fi ba da ƙarfi.

Where, what da when suna zuwa bayan haka. Suna tsayawa can gaba, musayar wuri kuma tana nan: "Where is Musa going?" A tuna wa yara cewa mu ma "sun tafi" kan koma "yaushe suka tafi?" Shi kuwa who, a jinkirta shi, tunda "Who came?" ba ya bin wannan ƙa'ida.

Alamomin rubutu su ne ƙarshe. Yaron da ke ƙarshen layi ya riƙe kwali mai aya a gefe ɗaya, alamar tambaya a ɗaya gefen, ya juya shi duk lokacin da aka yi musaya.

Saura abu guda. An tarbiyyantar da yaranmu kada su tsare babba da tambaya, shi ya sa a aji malam ne ke tambaya kullum, su nasu amsawa. To malam ya zauna a kujera ya ce, "Yau ku za ku tambaye ni." Wanda ya ce "Malam, where you are going?" kada a gwale shi. A miƙa wa aji kwalayen, su nemo wanda ya kamata ya dawo gaba.