Yadda Za Ka Sa Tattabararka Ta Yarda da Kai

A Kelle, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da duwatsun Kutus a yankin Gure, gidaje da yawa na kiwon tattabaru. Amma mallakar tsuntsu daban, samun yardarsa daban. Tattabara ba ta yarda da abin da ke sauyawa kullum. Lokaci ɗaya, murya ɗaya da hannu ɗaya take so.

1. Fara da ɗan shila. Wanda ya kai mako huɗu da ƙyanƙyasa, ya soma tsintar abinci da kansa, ya fi saurin sabo. Babbar tattabara da ka sayo a kasuwa tsohon gidanta na nan a ranta, da ta samu sarari za ta koma.

2. Ka kulle sabuwar tattabarar mako biyu zuwa huɗu a inda take hango tsakar gida. A nan mutane da yawa kan fige mata fiffike don kada ta gudu. Ban goyi bayan haka ba ko kaɗan. Ciwo ne, gashin kuma sai ya yi makonni kafin ya tofo, a tsawon lokacin nan ba ta iya tsere wa mage ko shaho. Kuma za ta tuna wanda ya yi mata haka, domin tattabara na gane fuskokin mutane. Idan ka haɗa ta da miji suka yi ƙwai, zama ya tabbata: ƙwai 2 suke yi, su kwanta a kai bi da bi kusan kwana 18, ba sa tafiya su bar su.

3. Abinci safe da yamma, a kan lokaci. Kafin ka watsa hatsi, ka yi fito iri ɗaya ko ka girgiza gwangwani. Kada ka bar gero zube wuni guda, don wadda ta ƙoshi ba ruwanta da kiranka. Ka riƙa haɗawa da dawa, ɓarzajjen wake da 'yan tsakuwa masu taimaka mata niƙa abinci.

4. Tsuguna, ka yi shiru. Yau ka zuba nesa, gobe kusa da ƙafarka, har ranar da za ka buɗe tafin hannu. Gyaɗa ɗanya marar gishiri ta fi komai janyo ta. Sannu ba ta hana zuwa.

5. Kada ka cafko ta daga sama, haka shaho ke yi. Kama ta da magariba, ƙafafunta tsakanin yatsunka biyu, babban yatsa a kan fikafikai. A hana yara korar ta.

6. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40. Ruwa mai tsabta a inuwa, da zurfin da za ta tsoma baki, domin zuƙa take yi, ba ɗaga kai irin na kaza ba.

7. Wadda ta saba ta daina zuwa, ta takure, tana zawo kore ko murɗe wuya, ba fushi take ba, ciwo ne. Ware ta daga sauran, ka wanke hannunka, ka nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi tun a ranar.