Ziyarar Yini Guda Zuwa Tsofaffin Garuruwa da Gidajen Sarauta a Hunturun Ingila

Gabatarwa

Wannan darasi zai dubi yadda ake tsara ziyarar ilimi, ta hanyar kawo misali daga ƙasar Ingila. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci cewa nasarar kowace ziyara ta dogara ne ga sanin yanayi da tattalin lokaci.

Yanayi da Lokaci

Hunturun Ingila ya sha bamban da na ƙasar Hausa. A maimakon ƙura da hazo, akan sami yayyafi da raɓa mai daskarewa, wani lokaci har da dusar ƙanƙara. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kuma takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Ke nan hasken yini kimanin awa 8 ne kawai. Haka kuma, da yawa daga cikin tsofaffin gidajen akan rufe su ko a rage lokacin shiga. Saboda haka wajibi ne a bincika kafin a kama hanya.

Wuraren Ziyara

Daga Landan zuwa Okasfod tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. A nan ne tsohuwar jami'ar nan take, tare da ɗakin karatu na Bodiliyan wanda aka buɗe a 1602. Kimanin kilomita 13 daga nan akwai garin Wudistok, inda Fadar Bilenim take. An gina ta tsakanin 1705 da 1722 a matsayin tukwici ga John Churchill, saboda nasarar da ya samu a yaƙin 1704. A cikinta aka haifi Winston Churchill a 1874, kuma UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1987.

Ya kamata a lura cewa irin wannan gida ba “gidan ƙauye” ba ne, ko da yake a karkara yake. Ya fi kama da gidan Sarkin Kano na Fanisau, wato mazaunin masu mulki a wajen birni.

Kammalawa

Malami mai basira yakan fara da zagayen waje tun da sauran haske, ya bar cikin gini zuwa yamma. Wurare biyu da aka gani a natse sun fi biyar da aka ratsa a gurguje.

Jinga

1. Bayyana bambancin hunturun Ingila da na ƙasar Hausa.
2. Tsara jadawalin ziyarar yini guda zuwa wani garin tarihi da ke kusa da makarantarku.